Kada a bar wa awaki garka

Yau batun garka za mu yi, garkar bayan gida.

A Tambuwal da Kebbe, ruwa kan ɗauke daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. Lokacin ne uwargida ke tsinke kuɓewa, ta yanyanka, ta baza a tabarma. Wadda ta ƙosa kuwa a bar ta ta bushe a jikin uwarta, irin baɗi ke nan.

To, daga nan gidaje da yawa sai su sakar wa awaki wurin. Asara ce, jama'a, asara ce! Ƙasa na da sauran danshi. A tuge tsofaffin shuke-shuke, a zuba taki, a gyara shinge, a dasa albasa da tumatir. Sanyin hunturu na karɓarsu, ban ruwa safe da yamma ya wadatar.