Kasuwar da ta Biya Malami: Tarihin Garin Stratford na Ingila



Da aka ce in yi magana kan yadda gari ke kafuwa ya bunƙasa, sai na zaɓi Stratford da ke bakin kogin Avon a tsakiyar Ingila. Yawancinmu mun san shi ne a matsayin mahaifar Shakespeare, wanda littattafansa suka sha wahalar da mu da ɗalibanmu. Amma garin ya shekara fiye da 360 yana cin kasuwa kafin a haife shi, kuma wannan zamanin nake so mu duba.

Sunan garin ma'anarsa mashigin da hanya ta ratsa, domin wata tsohuwar hanyar Rumawa a nan take ƙetare kogi. Ƙasar wurin ta bishop ɗin Worcester ce, kuma ba komai a kanta sai ƙauyen manoma. A 1196 bishop na lokacin, John na Coutances, ya samo takardar izini daga Sarki Richard na Ɗaya ta cin kasuwa kowace Alhamis. Sai ya sa aka shata tituna kusa da mashigin, aka yanka filaye masu tsukakkiyar fuska da dogon baya, kimanin mita 18 a faɗi da 60 a tsawo, don kowa ya sami bakin titi ya buɗe shago. Kuɗin fili kwabo 12 ne a shekara, wato sule guda.

Ku lura da abin da ke cikin sulen nan. Talakan ƙauye a wancan zamani ɗaure yake da gandun ubangidansa, yana yi masa aikin tilas. Wanda ya karɓi fili a sabon gari kuwa, da ya biya sulensa ya sauke nauyi, sai ya kama sana'arsa. Ba tausayi ya sa bishop ya yi haka ba, lissafi ne: haya da kuɗin kasuwa sun fi masa aikin gandu riba. Lissafin kuwa bai kuskure ba, domin cikin shekara 60 an kama filaye fiye da 200. Har yau sunayen tituna na ba da shaida: akwai titin tumaki, akwai titin itace, akwai Rother, tsohuwar kalmarsu ta shanu. Duk wanda ya san yadda ake kasa rumfuna a kasuwar Kurmi ta Kano, kowace haja da layinta, ba zai ga baƙon abu ba.

Da 'yan kasuwa suka yi ƙarfi sai suka haɗa kai. A 1269 aka kafa wata ƙungiya ta addini da taimakon juna, wadda membobinta ke biyan kuɗi, su binne mamatansu, su kula da tsofaffi da gajiyayyu. Sannu a hankali ita ta zama mai riƙe da ragamar garin, ta tara gidaje da gonaki, ta kuma ɗauki malamin makaranta. A 1482 wani limamin ƙungiyar, Thomas Jolyffe, ya ba da filayensa don a riƙa biyan malamin, bisa sharaɗin ya koyar kyauta. A wannan tsakanin ne Hugh Clopton, ɗan garin da ya yi arziki a Landan har ya zama magajin garinta, ya gina gadar dutse a madadin ta katako mai hatsari lokacin ambaliya. Motoci na bin ta har yanzu.

Sai ga guguwar sauyin addini. A 1547 gwamnati ta rusa irin waɗannan ƙungiyoyi, ta ƙwace dukiyarsu, makaranta ta rasa madogara. Mutanen garin ba su naɗe hannu ba, suka kai kuka fada. A 1553 Sarki Edward na Shida ya ba su takardar kafa majalisar gari, ya mayar musu da dukiyar ƙungiyar, aka rubuta a ciki cewa majalisa za ta riƙa biyan malamin makaranta fam 20 a shekara. Albashi ne mai tsoka a lokacin, ya fi na malaman garuruwa da yawa, shi ya sa waɗanda suka yi karatu a Oxford suka yarda su zo su koyar a ƙaramin gari. Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda aka rubuta albashin: a cikin takardar da ta kafa majalisar kanta. Ba alfarma ba ne da wani zai yi in ya ga dama. Mu da muka san zaman jiran albashi, ba sai na yi dogon sharhi ba.

Shekara 11 bayan haka, a 1564, aka haifi William, ɗan wani baduku mai ɗinka safar hannu, John Shakespeare, wanda ya shugabanci majalisar a 1568. Ɗan irin wannan mutum yana da damar shiga makarantar kyauta, kuma masana na kyautata zaton a nan ya koyi Latin ɗinsa.

Sauran labarin zan taƙaita. Gobara ta ci garin a 1594 da 1595. An haɗa shi da Birmingham ta haƙaƙƙiyar hanyar ruwa a 1816, jirgin ƙasa ya biyo baya. Tun bikin tunawa da Shakespeare da ɗan wasa David Garrick ya shirya a 1769, baƙi suka fara kwarara, aka buɗe gidan wasan kwaikwayo a 1879, har yawon buɗe ido ya zarce cinikin tumaki da sha'ir. Ɗakin saman zauren tsohuwar ƙungiyar, wanda aka mayar aji tun zamanin Shakespeare, yana nan, kuma makarantar Sarki Edward na Shida na amfani da shi har yau.