Batun sayen mota: jawabin malamin makaranta a taron ƙungiya



A taron da ya wuce an kawo shawara ƙungiya ta sayi mota. Dalili kowa ya san shi: mace ta kwana biyu tana naƙuda, ko maciji ya sari yaro a gona, sai a ɗora bisa amalanke ana bin rairayi har a kai likita. Ƴan'uwanmu da ke ci-rani a Agadas da Libiya da Aljeriya sun aiko cewa za su taimaka, amma sun sa sharaɗi: in za a saya a sayi sabuwa fil, kada a sayi wahala. Shugaba ya ce tunda ni ke koya wa yara lissafi, in zauna in lissafa, in zo in faɗa wa jama'a gaskiya. Ga abin da na samu. Zan faɗe shi da jika da miliyan, don kowa ya bi.

Mu fara daga inda ake ƙera motar. A ƙasar Faransa, motar talaka ita ce wadda ake kira Dacia Sandero, ƙarama ce, kuma a Maroko ake haɗa da yawa daga cikinsu. A 2012 ana sayar da mafi araharta yuro 7,900. A 2024 ta kai kusan yuro 12,000. Yuro guda faran 656 ne na sefa, haka yake tun 1999 bai motsa ba. Ke nan motar da take miliyan 5 da ƴan kai ta koma kusan miliyan 8, a can inda take, tun ba ta hau jirgin ruwa ba. A Amurka kuwa, cikin watan Satumba na 2025, matsakaicin kuɗin sabuwar mota ya haura dalar Amurka 50,000, wajen miliyan 28 na kuɗinmu. Su kansu Turawa masu albashi kuka suke yi, da yawansu sun koma sayen ta hannu.

Me ya kawo haka? Lokacin cutar korona, daga 2020 zuwa 2022, an rasa wasu ƙananan kayan lantarki da ake sa wa mota a matsayin ƙwaƙwalwa, masana'antu suka rage aiki, mota ta yi ƙaranci, kuɗi ya hau, kuma bai sauko ba. Sannan hukumomin Turai sun tilasta a sa wa kowace sabuwar mota na'urori na tsaro da na rage hayaƙi. Tun Yuli 2024 ma sun ƙara wasu. Masu kamfani su ma sun gane riba ta fi yawa a babbar mota, sai suka rage ƙera ƙanana. Duk wannan ba da mu aka shawarta ba, amma a aljihunmu yake ƙarewa.

To ta iso ƙasarmu. Bisa tsarin duwan da ƙasashen UEMOA ke bi, motar hawa tana biyan 20 cikin ɗari. A kan wannan a ɗora harajin TVA, 19 cikin ɗari. Ku haɗa su: kowace jika 100 ta zama kusan jika 143, ban da ƙananan haraji, ban da kuɗin jirgi, ban da ladan mai fiton kaya da ribar mai sayarwa. Motar nan ta miliyan 8 ta wuce miliyan 11.

Yanzu ku auna da abin da mutum ke samu. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke a Nijar tun Janairu 2024 jika 42 ne a wata. Mai wannan albashi, in bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, sai ya yi shekara 22 yana tarawa. Manomi kuwa, mu ƙaddara buhun hatsi ya yi jika 25: buhu 440 ke nan. A Damargu an san mu da hatsi tun zamanin ayari, lokacin da raƙuman Abzin ke sauka nan su yi awo, amma ku nuna mini gidan da ke da rarar buhu 440 bayan ya cika rumbun ci. Kuma motar da nake magana ba za ta yi mana aiki ba ko kaɗan. Ta gudro ce. In ta sauka daga hanyar Damagaram zuwa Agadas ta nufi Belbeji ko Gangara cikin yashi, turawa za a yi. Wadda ke iya ƙasarmu, irin Hilux ko Land Cruiser, sabuwarta ta haura miliyan 20.

Dattawa za su ce ai da ba haka ba ne, kuma sun yi gaskiya. Tun 1975 ana haɗa Fijo a Kaduna, nan kusa da mu, har bayan shekara ta 2000. Akori-kura 404 da 504 su suka riƙe kasuwannin ƙauye shekara da shekaru, makaniki na gyara su da guduma da waya. A zamanin da iraniyom ke da daraja, babban ma'aikaci na iya cin bashi ya hau sabuwa. Abin da ya karya wannan shi ne Janairu 1994, ranar da aka rage darajar sefa: faran guda na Faransa da yake 50 ya koma 100. Aka kwana aka tashi duk abin da ke zuwa daga Turai ya ninka biyu, albashi bai ninka ba. Ni lokacin ban san komi ba, amma malaman da suka koyar da mu suna ba da labari. Tun daga nan talakan Nijar da ma'aikacinta suka koma okaziyo, motar da Bature ya gama da ita, ana sauke ta a Kwatano a koro ta ta Gaya.

Ita ma wannan hanyar ta toshe. Bayan 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka. CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, amma gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangarenmu har cikin 2025. Kaya suka koma bi ta Lome, su ratsa Burkina Faso cikin rakiyar soja, tafiya ta yi tsawo, kuɗin ɗauko ya ƙaru. Ga kuma masu neman zinariya tun da aka gano ta Jado a 2014: kowa Hilux yake nema, mai kuɗi a hannu, ba ya tayi. Samarinmu da suka je can sun fi ni sanin nawa take.

A nan dole in ba ƴan ci-rani gaskiyarsu. Tsoron da suke yi wa okaziyo ba na banza ba ne. Wani rahoto na hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na Oktoba 2020, ya ƙidaya tsoffin motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar daga 2015 zuwa 2018, kuma 40 cikin ɗari Afirka suka zo. Da yawansu ba za a bar su su hau hanya a ƙasarsu ba. A shafa musu fenti, a juya lambar kilomita baya, a kawo. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sai dai maganin da suka kawo, wato sabuwa, hannunmu bai kai ba, ko mun haɗa na gida da na waje.

Kuma ko da wani bawan Allah ya ba mu ita kyauta, akwai abin da ba a faɗa ba a taron da ya wuce: mota cin abinci take yi kamar doki, ko an hau ko ba a hau ba. Matatar SORAZ tana nan cikin gundumarmu, a ƙaramar hukumar Ollelewa, tana aiki tun Nuwamba 2011, amma ba a ba ɗan Damargu lita guda kyauta. A Yuli 2024 gwamnati ta rage kuɗin mai, isansi ya koma faran 499, gazuwal faran 618. Daga Tanut zuwa Damagaram wajen kilomita 150 ne, zuwa da komowa 300. In mota na shan lita 12 a kilomita ɗari, lita 36 ke nan, sama da jika 22, kuma ban lissafa yashin da ke tsakaninmu da gudro ba, wanda ya fi shan mai. Man ruwa-ruwa da muke dogara da shi ya daina araha tun da Najeriya ta cire tallafi a Mayu 2023, kuma kun ga layin da aka yi a gidajen mai cikin Maris 2025. Sai taya huɗu, sai batir, sai juyen baƙin mai, sai asirans da binyet kowace shekara, sai albashin direba. Sabuwar mota ta yanzu kuma cike take da lantarki. In ta tsaya, makanikin Tanut zai buɗe ya duba ya rufe, sai an nemo mai na'ura daga Damagaram ko Yamai.

Abin da ya fi damuna ma ba kuɗi ba ne. Ku yi mini gafara, iyayena, zan faɗa a gabanku. Ranar da motar ƙungiya ta tsaya ƙofar maigari, washegari za a zo aro. Wannan zai kai amarya, wancan zai je gaisuwar mutuwa, wani zai tarbo alhaji. Wane ne cikinmu zai dubi idon baffansa ko surukinsa ya ce a'a? Ni dai ba zan iya ba, kuma ban ga shugaba zai iya ba. Wanda ya ara zai zuba mai daidai na tafiyarsa, ba zai ajiye ko dala don taya ba. Lokacin zaɓe ya zo, a ce ta ɗauki mutanen wannan jam'iyya, waɗancan su yi fushi su daina zubi. Daren da mai naƙuda ke bukatarta, sai a ce tana kasuwar Bakin Birji, ko tana gareji ana jiran ƙarfe daga Kano. Duk wanda ke yawo cikin ƙasar nan ya ga motocin da aka ba garuruwa da ma'aikatu kyauta, suna zaune bisa duwatsu babu taya, awaki na kwana ƙarƙashinsu. Ba mugunta ta kashe su ba. An yi murnar karɓa, ba a yanke wanda zai biya gyara ba.

To me muke nema tun farko? Mara lafiya ya isa likita da sauri. Tiyatar fidda jariri kyauta ce tun zamanin Tandja, amma isa wurin tiyatar ba kyauta ba ne, kuma a nan ne ake ɓata dare: miji na bin gida gida yana neman rance, ko yana jiran gari ya waye ya sayar da akuya. Sau da yawa motar tana nan, kuɗin mai ne babu. A wasu gundumomin ƙasar nan likitoci sun daɗe suna ƙara dala 20 a kan kowace takardar ganin likita, ana tarawa don man motar ɗaukar marasa lafiya. Abu ne ƙarami, amma yana aiki inda aka riƙe amana.

Ga shawarata. Mu ƙaddara gida 200 ne ke zubi, kowane gida dala 100 a wata. Jika 100 ke nan kowane wata. In mota muke tarawa, sai mun yi fiye da shekara 9 kafin mu kai miliyan 11, kuɗin wadda ma ba ta iya yashi, kuma kafin nan ta ƙara tsada. Amma jika 100 ɗin nan, tun watan farko, za ta biya tafiya uku ta gaggawa har Damagaram, ta fi haka in Tanut ko Belbeji za a tsaya. Mu zauna da masu motocin kasuwa biyu da ke biyowa ta nan, mu yanke kuɗin kowace tafiya tun yanzu, da rana da dare, a rubuta, liman da maigari su shaida. Na ce biyu, don in ɗaya ta lalace ko ta yi nisa a kira ɗaya. Mu ajiye jarka biyu ta gazuwal a ɗakin ma'aji, a kulle, kada a taɓa sai don mara lafiya. Taya da batir da garejinsu su ya dama, ba mu ba. Iyalin da aka ɗauka su mayar da rabi bayan kaka, da kuɗi ko da hatsi. Wanda ba shi da hali, ƙungiya ta yafe.

Kuɗin da ƴan ci-rani suka yi alkawari kuwa, ina roƙo kada mu ce ba mu so. A buɗe masa asusu dabam, da sa hannun mutum uku, ciki har da mace guda, tunda su abin ya fi shafa. In muka yi kaka biyu asusun gaggawa bai karye ba, an ga muna iya riƙe littafi, sai a sake zama a kan sayen akori-kura ta hannu, irin wadda makanikanmu suka sani, a tafi da makaniki ya duba ta kafin a biya, kuma kada a kashe fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ke asusu, saura na gyara ne. Wasu sun ambaci moto mai ƙafa uku; tana da araha kuma ta dace da kai kaya kasuwa, amma ban ga yadda mai naƙuda za ta jure girgizarta a doguwar hanya ba, iyayenmu mata su faɗi nasu ra'ayi.

Na rubuta lissafin nan duka bisa allon aji na shida, ban goge ba. Mai so ya zo gobe bayan la'asar mu sake bi tare. Shugaba ya ce za a ɗaga hannu a taron Juma'a mai zuwa, kuma kafin nan sakatare zai karanta wa na Agadas da na Sabha ta waya, don su ma a ji bakinsu. Allah shi ba mu lafiya da damana mai albarka.