Minti Goma Sha Biyar A Gaban Majigi

Shugaban ƙungiya, manyanmu da suka baro aiki suka halarci wannan zama, da 'yan'uwa ɗalibai, muna godiya da aka ba mu dama mu yi magana a kan gabatar da aikin bincike, tun da lokacinsa ya gabato ga yawancinmu.

Za mu fara da tuntuɓen da muka yi bara. Mu uku aka haɗa a aiki ɗaya a kan Tafkin Cadi da rikicin arewa maso gabas. A shafin majigi na biyu muka jera hotunan tauraron ɗan'adam da kowa ya sani: tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963, wanda bayan farin shekarun 1970 da 1980 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na girmansa. Muka rubuta a ƙasa cewa ƙafewar ruwa ce ta haifi Boko Haram. Ɗaki ya yi tsit, mu kuwa muka ɗauka mun burge. Da muka gama, wata malama ta tambaye mu: me ya sa hotunanku suka tsaya a 2001, alhali rikicin ya ɓarke a 2009? Ba mu da amsa. Daga baya muka koma ga ma'aunai, muka tarar ɓangaren kudancin tafkin, wanda kogunan Chari da Logone suke shayarwa, ya farfaɗo sosai tun shekarun 1990. Hoto ne ya yi mana tunani, muka bar batun shugabanci da talauci a gefe.

Wannan ya fi shafarmu fiye da sauran ɗalibai. Idan ɗan Katsina ko Damagaram ya tsaya yana bayanin ƙasarsa, masu sauraro suna karɓa a matsayin shaidar ɗan gida, kuma a cikinsu akwai waɗanda gobe za su zauna a ofisoshin da ake raba tallafi. Kuskurenmu yana bin su har can.

Haka lamarin alƙaluma yake. Ƙidayar ƙarshe da Najeriya ta yi ita ce ta 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140 da ɗoriya, Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, kuma gwamnatin Legas ba ta amince da nata kason ba. Ta 1973 soke ta aka yi, ta 2023 aka ɗage. Saboda haka duk adadin jama'ar yau da za mu sa a allo ƙiyasi ne. Mu rubuta haka ƙarara, tare da sunan wanda ya ƙiyasta da shekara. Hoton almajiri riƙe da roba kuwa, kafin mu haska shi, mu tambayi kanmu ko za mu yarda a haska ƙanenmu haka a ɗakin baƙi ba tare da izinin iyayensa ba.

Sauran sha'anin mai sauƙi ne. Minti goma sha biyar ba ya ɗaukar fiye da shafi goma zuwa goma sha biyu, kowanne da magana ɗaya. Kada mu juya wa jama'a ƙeya muna karanta allo. Doguwar gaisuwar da muka gada, irin wadda muka buɗe da ita ɗazu, a nan ne muhallinta. Gaban masu jarrabawa jimla ɗaya ta isa. A ajiye kwafin PDF kusa da na PowerPoint, domin kwamfutar ɗakin takan ɓata ƙ da ɗ da ɓ.

Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar za mu tanadi majigi da agogo a wannan ɗaki. Duk mai gabatarwa a wannan zango ya zo ya gwada, mu yi masa tambayoyin da muka san za a yi masa.