NONI DA TAFASHIYA: ABIN DA ZA KU SANI KAFIN KU SAYA

Ga jawabin da wani malamin lafiya ya yi wa ɗaliban yaƙi da jahilci a Gaya.



Yau zan yi muku magana a kan wani icce mai suna noni. Noni na ce, ba nono ba. Kar wata ta je gida ta ce malam ya hana shan fura.

Kwanan baya wani dattijo ya zo wurina da kwalba cikin aljihu. Ɗansa ya aiko masa da ita daga Kotono. An ce masa ruwan noni ne, yana maganin ciwon gwiwa, da ƙuraje, da hawan jini, da ciwon suga. Ya ce idan ta ƙare zai sayar da akuya ya sayi wata. Na ce masa: Baba, bar akuyarka tukuna.

Noni ba iccen ƙasarmu ba ne. Asalinsa can gabas ne, wajen Asiya da tsibiran babban teku, irin su Tahiti da Hawayi. Yana son laima da ruwan sama mai yawa. Shi ya sa a yankinmu ake shuka shi can kudu, wajen bakin teku. Ganyensa manya ne masu sheƙi. Ɗansa kamar dankali yake, da ƙulle-ƙulle a jiki. Idan ya nuna yana yin fari, ya yi wari kamar ruɓaɓɓen cuku.

Mutanen tsibiran nan sun daɗe suna aiki da shi, amma yawanci a bayan fata. Suna gasa ganye kaɗan, su ɗaure a gaɓa mai ciwo ko a kan maruru. Sayar da ruwansa cikin kwalba ya bazu ne daga 1996, da wani kamfani na Amurka ya fara. A 2003 ƙasashen Turai suka yarda a sayar da shi a matsayin abin sha. Ku riƙe wannan: abin sha suka ce, ba magani ba. An gwada shi a jikin ɓeraye, an ga yana rage musu zafi. Gwajin da aka yi wa mutane kaɗan ne, bai kai likita ya rubuta maka shi ba.

Yana kuma da haɗari. Ruwan noni yana da wani gishiri da yawa, mai suna fotasiyom. Ƙodar da ta gaji ba ta iya fitar da shi, sai ya taru ya taɓa zuciya. Mai ciwon ƙoda kar ya sha. A 2005 likitoci a ƙasar Ostiriya sun ba da labarin mutanen da hantarsu ta ɓaci bayan sun sha shi. Don haka mai shawara, da mai ciki, da mai shayarwa, da ƙaramin yaro, su bar shi. Mai shan maganin hawan jini ko na suga kar ya ajiye maganinsa saboda kwalba.

Wanda ya samu ganyen, ga yadda zai yi. Ya wanke shi da ruwa mai tsabta. Ya ɗumama shi, kar ya yi zafin ƙona fata. Ya ɗaure a gwiwa ko a ƙugu da ƙyalle wankakke. Idan wurin ya fara ƙaiƙayi ko ya yi ja, a cire. Ba a sa shi a gyambo, ko ƙuna, ko ido, ko cibiyar jariri. Ni a ganina, ɗumin ganyen da hutun da gaɓa ta samu su ne rabin maganin.

To, noni yana da ɗan uwa a nan gida. Kun san shi: tafashiya. Masana itatuwa sun ce danginsu ɗaya. Tana fitowa a fadama da bakin kogi, ga ta nan a ƙasar Dandi inda ruwan sama ya fi na sauran Nijar. Kakanninmu suna jiƙa saiwarta mai ɗaci don zazzaɓi, da ciwon ciki, da ciwon jiki.

Ku ji wani labari a kanta. A 2013 masu bincike na Faransa suka ce sun samu taramol cikin saiwar tafashiya ta arewacin Kamaru. I, taramol ɗin nan da ke lalata mana samari. Labari ya bazu cewa icce yana yin ƙwaya da kansa. A 2014 wasu masu bincike na Jamus suka je suka duba. Ashe mutanen wurin suna shan taramol, suna kuma bai wa shanun aiki don kar su gaji. Shanu su kwanta a inuwa, su yi fitsari, ƙasa ta sha, saiwa ta tsotsa. Inda ba a bai wa shanu ƙwaya, ba a samu komai cikin saiwar ba. Kun gani, har manyan masana sukan yi kuskure, sai an sake gwadawa. Balle mai talla da lasifika a kasuwa. Kuma mai tonon saiwa ya dubi inda yake tono, ya bar wa iccen rabonsa don kar ya mutu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ciwon fata iri-iri ne. Akwai makero, akwai ƙazuwa, akwai ƙyasbi. Kowane da maganinsa. Ƙazuwa ƙwaro ne ƙarami cikin fata. Sai an shafa wa duk mutanen gida magani rana ɗaya, an wanke tufafi da shimfiɗa, an shanya a rana. Ganye ba ya kashe ƙwaron.

Akwai kuma tabo mai haske a fata, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi. Ku ɗauki ɗan auduga, mutum ya rufe ido, ku taɓa wurin. Idan bai ji ba, kar ku tsaya shafa komai. Yana iya zama farkon kuturta. Kuturta tana warkewa sarai. Maganinta kyauta ne tun 1995, ana shan shi wata 6 ko wata 12. Wanda ya zo da wuri ba ya rasa yatsa ko ɗaya. Wanda ya shekara biyu yana ɗaura ganye, jijiya ta riga ta mutu, ba ma iya mayar da ita.

Haka ciwon gaɓa. Idan gaɓa ta kumbura da zazzaɓi, ko yaro yana kukan ƙashi a kai a kai, ku kawo shi gidan likita ranar nan.

Duk wanda yake da irin kwalbar nan a gida, daga Malanbil ta zo ko daga Kamba, ya kawo ta aji gobe. Kun fara karatu. Za mu karanta abin da aka rubuta a jikinta tare, mu nemi ranar da za ta lalace.