Kwangilar Soja Ba Ta 'Yan Abuja Kaɗai Ba Ce

Da an ce kwangilar tsaro sai hankali ya tafi kan bindiga da jirgin yaƙi. Amma soja yana cin abinci, yana sa takalmi da kaki, kuma wani ne ke kawo su. A 2017 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin cewa aƙalla kashi 40 cikin ɗari na kuɗin sayen irin waɗannan kaya a kashe shi kan na gida.

To, ina manoman wake da gero na Gaya da Ajingi? Ga Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil a kusa, ga barikin Bukavu da na Janguza a Kano. Hatsinmu yakan bi ta hannun dillalai, riba ta tsaya can.

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 tana buƙatar rajistar kamfani da shaidar biyan haraji, kuma nan ne ƙaramin ɗan kasuwa ke tuntuɓe. Wannan bai fi ƙarfin ƙungiya ba. Manoma da 'yan kasuwarmu, ku haɗa kai ku yi rajista, ku nemi kwangilar nan da sunanku.