Zama ko Tashi: Yadda Masu Duban Taurari Suka Amsa Tambayar Ƙaura



Bahaushe yana da karin magana biyu da ba sa ga maciji da juna. Ɗaya ta ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Ɗayar kuma ta ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Duk magidancin da ya taɓa kwana yana juyi a kan ko ya kwashe iyalinsa ya koma wani gari ya san duka biyun suna da gaskiya, kuma babu wadda za ta yanke masa shawara. Laccar yau a kan wata hanya ce da mutanen Bagadaza, daga baya kuma mutanen Landan, suka bi don raba wannan gardama: wani reshe na ilimin taurari da Larabawa suka kira masa'il, wato tambayoyi.

Tun kafin wani ya ɗaga hannu, bari in faɗi inda na tsaya. Malamanmu sun raba ilimin taurari gida biyu. Akwai lissafin tafiyarsu don sanin alƙibla da lokutan salla da shigowar damina, wannan ba a yi jayayya a kansa ba. Akwai kuma da'awar cewa suna bayyana abin da zai sami mutum gobe, wannan jumhurun malamai sun hana shi, Ibn Khaldun ma ya ware masa babi guda a Muƙaddimarsa yana rushe shi. Musulmin da ke shakkar tashi an nuna masa istihara da shawara. Ni da rigar tarihi na zo, kuma abin da nake so ku tafi da shi ɗaya ne: wannan sana'a ta fi gaya mana halin masu tambaya fiye da halin sararin sama.

Ga yadda aikin yake. Mai duba ba ya bukatar ranar haihuwarka, kuma wannan ne ya sa kasuwarsa ta buɗe a zamanin da yawancin mutane ba su san ranar da aka haife su ba. Abin da yake bukata shi ne sa'ar da ka yi tambayar kuma ya fahimce ta. Sai ya zana taswirar sama ta wannan sa'a, ya raba ta gidaje 12, ya fara daga burujin da ke ɓullowa a gabas. Gida na ɗaya kai ne mai tambaya. Na huɗu gidanka ne da filinka da ubanka. Na uku gajeriyar tafiya, na tara doguwa. Na bakwai, wanda ke fuskantar na ɗaya daga yamma, shi ne wancan wurin da zuciyarka ke raya maka. Kowane gida yana da tauraron da ke mulkinsa. In mai mulkin inda kake yana da ƙarfi, yana tare da Mushtari ko Zahra, waɗanda ake ɗauka na alheri ne, sai a ce ka zauna. In kuwa Zuhal ko Mirrihu sun matsa masa, mai mulkin na bakwai kuma yana cikin walwala, sai a ce ɗaure kayanka. Wata shi ne babban shaida, domin ya fi kowa sauri: tauraron da ya rabu da shi yana nuna abin da za ka bari, wanda yake dosa kuma abin da za ka tarar. Har alƙiblar da za ka nufa suna fitarwa, domin kowane buruji an ba shi kusurwarsa.

Tushen wannan ya kai ga Dorotheus mutumin Sidon, a ƙarni na 1 Miladiyya, wanda aikinsa ya bi ta harshen Farisa ya shigo Larabci ta hannun Umar ibn al-Farrukhan al-Ɗabari. Amma a fadar Abbasiyawa abin ya zama sana'a mai littattafai, a hannun irin su Masha'allah da Sahl ibn Bishr. Ƙaura mafi girma da aka sa musu baki a ciki ita ce ta daula sukutum. Da halifa al-Mansur zai kafa sabon birni, Bagadaza, a bakin kogin Dijla, Naubakht da Masha'allah na cikin waɗanda suka zaɓa masa ranar aza tubali, 30 ga Yuli, 762. A lura, wannan zaɓen sa'a ne, ɗan'uwan tambaya: a nan halifa ya riga ya yanke shawarar tashi, lokaci kawai yake nema. An ruwaito cewa an yi masa albishir babu halifan da zai mutu a cikin birnin. Shi dai al-Mansur a hanyar Makka ya rasu a 775. Jikan ɗansa kuwa, al-Amin, a Bagadaza aka kashe shi a 813, kuma a 836 al-Mu'utasim ya tattara fada ya koma Samarra.

Littattafan nan sun ƙetara zuwa Turai da aka fassara su zuwa Latin a ƙarni na 12. Guido Bonatti na ƙasar Italiya ya tattara su a ƙarni na 13, daga nan suka isa hannun mutumin da nake so mu daɗe a kansa, William Lilly, wanda aka haifa a 1602 ya mutu a 1681. Ɗan ƙauye ne da ya shigo Landan a matsayin bara, ya auri matar maigidansa bayan rasuwarsa, ya sami sukunin karatu. A 1647 ya buga Christian Astrology, wanda har yau masu wannan sana'a a Ingila da Amurka da shi suke koyo, kuma a cikinsa akwai babi musamman a kan ko ya kamata mutum ya tashi daga wani gida zuwa wani. Kundayen da yake rubuta masu zuwa wurinsa suna nan a ɗakin karatu na Bodleian a Oxford, kuma masanin tarihi Keith Thomas, da ya bi su, ya nuna cewa a ganiyarsa yakan amsa tambaya kusan 2,000 a shekara. Kuyangi, matuƙan jirgin ruwa, matan da mazajensu suka tafi yaƙi, 'yan kasuwa, masu sarauta. Lokacin yaƙin basasa ne, annoba kuma tana kai-komo. Mutumin da ƙasa ta yi wa zafi shi ne ke tambayar ina zai nufa.

Mafi shaharar tambayar ƙaura da aka kawo masa ta Sarki ce. A 1647 Sarki Charles na Ɗaya yana tsare a fadar Hampton Court, sai wata mata mai goyon bayansa, Jane Whorwood, ta zo wa Lilly da tambayar inda Sarki zai ɓuya in ya tsere. Lilly ya ce ya zana taswira ya gaya mata yankin Essex, kimanin mil 20 daga Landan. Kafin saƙo ya isa, Sarki ya sulale a watan Nuwamba ya nufi tsibirin Wight, inda aka sake kulle shi a Carisbrooke, daga baya aka fille masa kai a Landan a Janairun 1649. Masu son wannan ilimi suna jin daɗin labarin nan ƙwarai. Ni kuwa abu biyu ke hana ni. Na farko, hanyar da ba a bi ba ba ta da shaida. Babu wanda zai iya cewa da ya je Essex da ya tsira. Na biyu, daga bakin Lilly muka ji, a tarihin rayuwarsa da ya rubuta bayan ɗan Sarkin ya dawo gadon mulki a 1660. Lilly kuwa an san shi da goyon bayan 'yan majalisa lokacin yaƙi. Mutum a irin wannan hali yana da dalilin tuna cewa ya taɓa yi wa Sarki alheri.

Akwai kuma ƙofofin baya da sana'ar ta gina wa kanta, waɗanda ake dubawa kafin a yanke hukunci. In burujin gabas bai kai daraja 3 ba, an yi gaggawar tambaya. In ya wuce 27, an makara. In Wata ba zai haɗu da kowane tauraro ba kafin ya bar burujinsa, babu abin da zai faru. In Zuhal na gida na bakwai, mai duban ne zai yi kuskure, domin wannan gidan shi ma nasa ne. Ku haɗa wannan da cewa burujin gabas yana matsawa kusan daraja ɗaya kowane minti huɗu, ya sauya gaba ɗaya a kusan awa biyu. Wanda ruwan sama ya tsare a hanya zai iya samun amsar da ta saɓa wa wadda zai samu da ya iso da wuri. Su za su ce ai jinkirin ma rubutacce ne. To, hujjar da kowane sakamako ke gaskata ta, ban san yadda za a gwada ta ba, kuma abin da ba ya gwaduwa ba na kiransa kimiyya.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Muhammad al-Katsinawi, wanda ya bar Katsina ya yi Hajji ya zauna a Alƙahira, ya rubuta al-Durr al-Manzum a kan ɗalasimai da taurari, ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin masanin tarihin Masar. A garuruwanmu kuwa bugun ƙasa ya fi taswirar sama kasuwa, amma tambayar da ake kai wa mai bugun ita ce dai ta Landan: in tafi ci-rani ko in zauna, arzikina a nan yake ko a can.

Abin da zan yarda sana'ar ta yi wa masu zuwa shi ne ta tilasta musu zama su faɗi damuwarsu a jimla ɗaya, a gaban wani mai sauraro, su kuma ɗora nan da can a kan ma'auni. Da yawa a wurin faɗar suke jin abin da zuciyarsu ta riga ta zaɓa. Lilly da kansa shaida ne. A 1634 ya zana taswira a kan ko ya sayi wasu gidaje a unguwar Strand, ya kuma buga ta a littafinsa. Ya amsa cewa taswirar ta nuna cinikin zai cuce shi ta fuskar kuɗi, amma ya biya fam 530, saboda a cikinsu akwai gidan da ya yi barantaka, inda ya sami matarsa ta fari. Shekara biyu bayan haka ya bar Landan ya koma ƙauyen Hersham, sai 1641 ya dawo.