Tarin Da Ya Ƙi Jin Magani: Jawabi Ga 'Yan Uwa Mazauna Birane

Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawa, 'yan uwa maza da mata 'yan asalin Tudun Wada.

Da yawa daga cikinmu muna zaune a Kaduna, Abuja ko Legas, kuma mu ne ake bugo wa waya idan wani ya kwanta a gida. Akan ce mana tari ne, mu aika da kuɗin magani, mu ɗauka mun sauke nauyi. To amma akwai tarin da ba ya jin kowace ƙwaya, domin tushensa ƙari ne da ya tsiro a cikin bututun iska na huhu.

Likitoci suna kiran wannan ƙari kasinoyid, sunan da wani likita Bajamushe, Siegfried Oberndorfer, ya raɗa a shekarar 1907. Dangin ciwon daji ne, amma galibi a hankali yake girma, kuma bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na ciwon dajin huhu ba. Yakan kama har matasa da waɗanda ba su taɓa shan taba ba.

Alamominsa su ne tari mai naci, kakin jini, numfashi mai fito a gefe guda na ƙirji, da nimoniya mai yawan dawowa wuri ɗaya. Wannan ne ya sa akan ɗauke shi a matsayin asma ko tarin fuka. Saboda haka, idan an gwada majina ba a ga ƙwayar cutar tarin fuka ba, ko an sha magani babu sauƙi, wajibi ne a zurfafa bincike.

Matakan binciken sanannu ne. Za a ɗauki hoton ƙirji, sannan hoton siti-sikan. Daga nan a zura siririn bututu mai kyamara ta hanci ko baki a ga ƙarin, a gutsuro ɗan kaɗan a auna. Babban maganinsa shi ne tiyata: a cire sashen huhun da ya kamu, ko a yanke guntun bututun a sake haɗa shi, huhu ya tsira. A nau'insa mai sauƙi, kimanin mutum 9 cikin 10 suna raye shekara 5 bayan aiki.

Jama'a, Allah ya yi mana gata. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda muka tashi muna gani a Tudun Wada kafin ya koma Shika a 2005, yana da sashen tiyatar ƙirji. Cibiyar tarin fuka ta Saye ma tana kusa.

Kiranmu a nan shi ne, kada mu tsaya ga aika kuɗi kawai. Mu tambayi wane gwaji aka yi, mu tsaya sai an kai maras lafiya gaban ƙwararre, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara haɗa kanmu. Wassalamu alaikum.